Rigar Likita a Hannun Mai Tasha

Sana'ar gidanmu ita ce lalata sababbin riguna. Baba yakan yanka fatar doki ya ɗinka jaket irin wadda matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka sa a yaƙin duniya na biyu, tsaf da ita, babu inda allura ta kauce. Daga nan sai a kai ta bayan gida a ci mata mutunci. A jiƙa ta, a shanya, a murza da dutse, a jefa ta cikin injin kwaɓa siminti tare da tsakuwar kogi. Idan ta fito kamar wadda ta ga yaƙi ta kuma ga talauci, sai a naɗe ta a farar takarda, mai ita ya zo ya karɓa da hannu biyu.

Masu saye sun san sabuwa ce. Na gasken sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma in ka ɗaga hannu a cikinsu sai su yage. Shi ya sa suke zuwa wurinmu a garin Himeji, manyan mutane masu furfura waɗanda ba su taɓa tuƙa abin da ya wuce mota ba, su tsaya gaban madubi suna ɗaga haɓa.

Ni ba na ɗinki. An kai ni karatu Kanada, na dawo da digirin tarihi, aka ba ni aikin amsa wa masu saye na ƙasashen waje da dafa shayi. Yayata Mitsuyo ce ta zauna kusa da Baba tun tana ƙarama. Farfesa take ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

Da hannun Baba ya fara rawa, wata safiya ya ajiye kwanon miyarsa ya ce, "Likita Inui yana son riga. Mitsuyo ce za ta yi, ita kaɗai. In ya karɓa, shago nata ne. In ya mayar, in rufe shago in koma kamun kifi."

Mama ta ce, "Kifin da ba ka taɓa kamawa ba?"

"Lokaci ne ban samu ba."

Likita Inui likitan haƙori ne a birnin Kobe, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu tara irin waɗannan riguna. Abin da ya yaba shi 'yan ƙungiya ke saye. Abin da ya yamutsa wa fuska, ko kyauta ba mai so. Ya taɓa mayar wa Baba riga saboda ninkin gwiwar hannun hagu ya fi na dama zurfi, alhali da hannun dama matuƙi ke riƙe sandar tuƙi.

Mitsuyo ta kusa shekara a kan rigar. Ta sa kafinta ya ƙera kujera matsattsiya irin ta cikin jirgi, ta sa mini rigar, ta ɗaure ni a kujerar da ɗamara a kafaɗu, ta ba ni ƙotar tsintsiya in riƙe da dama. Haka na ci lokacin zafi gaba ɗaya, ina zufa a cikin fatar doki ina tuƙa tsintsiya zuwa yaƙi.

"Miƙe hannu, Farfesa. Lanƙwasa. Kai, kamar wanda ake harbi, ba kamar mai neman gishiri a tebur ba."

Ta ɗiga baƙin mai a bakin aljihu. Ta ƙona ƙirji da taba, ɗan tabo guda. Ta ci bakin hannuwa da burushin waya har zare ya tashi. Ta ɓalle mariƙin zif ta jefar. Ta yaga shafin ciki ta ƙarƙashin hamata. Abin da ya rage shi ne rana ta koɗar da kafaɗar hagu, don haka ta rataye rigar a ƙusar ƙofar baya, kusa da tsummokaran da Baba ke sawa in zai shiga lambu. Likita zai zo ranar Asabar ta sama.

A wannan makon ne Mai Tasha ya kawo mana kabewa.

Sunansa Ushijima, amma tunda ya yi aiki a matsayin shugaban tashar jirgin ƙasa har ya yi ritaya, Mai Tasha kowa ke ce masa. Bai daɗe da tarewa a unguwarmu ba, can hayin gada, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Abin da ya sani game da mu shi ne muna harkar tsofaffin riguna. A ganinsa masu faci ne mu, kuma ba ma sauri.

Mu duka mun tafi wurin majema duba fata, Mama kaɗai ce a gida. Mai Tasha yana shirin tafiya ruwa ya sauko da iska mai sanyi. A keke ya zo. Mama ta miƙa masa lema ya ƙi, don doka ta hana riƙe lema a kan keke, shi kuwa bai taɓa karya doka ba.

Da muka dawo, Mitsuyo ta zagaya ƙofar baya ta tsaya gaban ƙusa.

"Mama, ina rigar da ke nan?"

"Wacce? Ta lambun babanku? Na ara wa Mai Tasha."

"Wacce a ciki?"

"Wadda ta fi mutuwa mana. In na ba shi mai kyau ai nauyi zai ji, ya rasa inda zai sa kansa."

Mitsuyo ta dafa bango. Baba ya cire hularsa ya duba cikinta. Tun da aka yi aurensu Mama ba ta taɓa haɗa rigar shago da tsumma ba sai yau.

Baba ya ce, "To, aƙalla ta ruɗi mutum ɗaya."

Na ce bari in hau keke in karɓo.

Mama ta ce, "Ka karɓo? Ka je ƙofar dattijo ka ce ya ba ka tsumman da aka ara masa ɗazu? Abin da suka koya maka ke nan a can? Ya ɗauka mun mai da shi ɓarawo, gobe mu haɗu a wurin zuba shara in kalle shi da wace fuska?"

"Zai kawo gobe," in ji Baba. "Mutumin jirgin ƙasa ne. Ba ya makara."

Bai kawo gobe ba. Bai kawo jibi ba. Mitsuyo ta daina cin abinci sosai, ta koma tsayawa a taga tana kallon gada. Da mako ya raba, Mama da kanta ta yarda a aike ni, amma da sharaɗi: in kai masa tukuicin kabewa, in yi hira, kada kalmar riga ta fito daga bakina.

Gidan Mai Tasha kamar ba a zaune a ciki. Takalmansa a jere a bakin ƙofa, kowanne yana sheƙi har kana ganin fuskarka. Ya zaunar da ni, ya kawo shayi, muka yaba kabewa, muka yaba ruwan sama.

Na ce, "Sanyi ya fara shigowa."

"Ƙwarai kuwa. Bana da wuri."

"Baba ma yana cewa iska na shigar masa baya in ya fita lambu."

Mai Tasha ya ajiye kofinsa a hankali. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ba shi da wata?"

"Akwai wasu. Amma irin wannan guda ɗaya ce a gidan." Ban yi ƙarya ba.

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. "Na fahimta. Ashe abin ya kai haka. Ka ce wa mahaifinka ya ƙara mini ɗan haƙuri, ban gama ba."

"Gama me, Mai Tasha?"

"Ba komai, ba komai. Sha shayinka."

A lokacin ne na lura da warin da ke ɗakin. Warin man goge takalmi ne, kuma ya fi ƙarfin takalman da ke bakin ƙofa.

Na koma gida na faɗa. Mitsuyo ta zauna a ƙasa, a tsakiyar shago. Baba ya hau bene ya sauko da sandar fatsarsa, ya zauna a bakin ƙofa yana share mata ƙura.

Ranar Asabar da safe Mai Tasha ya iso da kwat da nakatayi, ɗauke da ƙunshi a kyakkyawan ƙyalle, da kwalin kayan zaƙi a kai. Muka jeru a bakin ƙofa mu huɗu. Ya kwance ƙunshin da kansa.

Rigar tana walƙiya kamar motar amarya. Ya shafe ta kaf da man takalmi, ruwan ƙasa mai duhu, ya goge, ya sake shafawa. Koɗewar kafaɗa ta tafi. Ya cusa jarida a hannuwa ya turara su a bakin buta har ninkin da na yi wata da watanni ina zufa a kansa ya kwanta. Tabon taba ya rufe shi da ɗan facin fata da ya yanko daga tsohuwar jakarsa ta aiki. Bakin hannuwa ya ɗinke su da shuɗin zaren kayan ma'aikatan jirgin ƙasa, ɗinki ƙatta-ƙatta, wani kan wani. A mazaunin mariƙin zif ya saƙala zoben mabuɗi.

Ya ce, "A gafarce ni da daɗewa. Ban iya ɗinki ba, marigayiya ce ke yi. Kuma tabon man da ke aljihu ya fi ƙarfina, na yi iya yina."

Mama ta tafa hannu. "Kai! Ta koma sabuwa! Wannan wahala haka, Mai Tasha, a kan tsumma?"

"Ba a mayar da aro yadda aka karɓe shi."

Baba ya rusuna. Na rusuna. Mitsuyo ta rusuna ta daɗe ba ta ɗago ba, daga can ƙasa muryarta ta fito: "Mun gode. Ba za mu manta da wannan ba."

Da ƙarar kekensa ta ɓace, Baba ya duba agogo ya ce, "Likita zai iso bayan abincin rana. Rigarki ce." Ya koma kan fatsarsa.

Na ce a kira Kobe a nemi a ɗaga.

Mitsuyo ta ce, "Mutumin da ke korar mai ciwon haƙori in ya makara? Kawo almakashi."

Ta shimfiɗa rigar a tebur, ta sa bakin almakashi ƙarƙashin shuɗin zaren. Ba ta yanka ba. Ta daɗe tana kallon ɗinkin, ta juya hannun rigar ta kalli ciki, ta shafa facin da ɗan yatsa.

"Farfesa. Ka ce tarihi ka karanta ko?"

"Haka takardar ta ce."

"Waɗanda suka dawo daga yaƙin da ransu, me suka yi da rigunan?"

"Sun ci gaba da sawa. Gona, gareji, farauta."

"In ta yage fa?"

"A ɗinke."

"Wa zai ɗinke?"

"Duk wanda ke gida."

Ta ajiye almakashin. "Dafa shayi, baƙi ƙirin, wanda ba ya shawuwa. Wannan dai ka iya. Ka ɗebo toka, ka ɗauko na'urar busar da gashin Mama. Sannan ka hau jirginka."

Ba ta cire komai na Mai Tasha ba. Tsufar da shi ta yi. Ta jiƙa shuɗin zaren da shayi ta murza masa toka har ya koma kamar wanda ya sha wanki shekara da shekaru. Ta ci gefen facin da samfefa, ta ɗaga kusurwa guda. Zoben mabuɗin ta goga shi a siminti. Sannan ta ɗaure ni a kujera, ta kunna mini iska mai zafi a gwiwar hannu.

"Lanƙwasa. Miƙe. Na dama ya fi yawa. Yi sauri, an biyo ka a baya!"

Tsofaffin ninkin suka dawo inda suke, sai dai yanzu man takalmin ya tsattsage a cikinsu, ya taru baƙi a lungunan ɗinki, ya goge a inda hannu ke gugar jiki, koɗaɗɗiyar fatar tana leƙowa ta ƙarƙashinsa. Baba bai tashi daga bakin ƙofa ba, amma na lura ya daina share fatsar.

Likita Inui ya iso a kan lokaci. Siriri ne, mai tabarau, ba ya dariya don kada a ga haƙoransa a yi masa magana. Ya ƙi shayi. Ya sa farar safar hannu, ya fito da ɗan madubin da yake leƙa bakin mutane da shi, da 'yar tocila. Muka durƙusa a gefe.

Ya shinshina wuyan rigar. Ya haska cikin aljihu. Ya ɗaga hannuwa biyu ya gwada.

"Na dama ya fi zurfi," ya ce, kamar abin ya ɓata masa rai.

Ya gangaro bakin hannu, ya tsaya. Ya cire tabarau ya kusanto da ido.

Daidai nan aka buga ƙararrawar ƙofa. Mama ta fita, muka ji muryarta tana hawa sama irin ta karɓar baƙo, sai ga ta da Mai Tasha a baya. Ya manta ne bai bar mana sauran zaren da gwangwanin man ba, don gaba. Ba a sallamar mai kawo kyauta daga bakin ƙofa. Mama ta ba shi matashi ya durƙusa kusa da ni, ya ɗaga ido ya ga rigar a tebur. Bakinsa ya buɗe bai rufu ba.

Likita bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Ku dubi wannan ɗinki. Wanda ya yi shi bai san kan allura ba. Nan ya tsuke, nan ya saki, nan ya ɓata ya koma baya ya sake ɓatawa. Zaren ma ba launin rigar ba ne. Mummuna ne. Mummuna ƙwarai."

Baba ya ja fatsarsa kusa da shi.

"Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba," in ji Likita.

Ya haska ƙirji. "Faci da fatar jaka. Zoben mabuɗi. Kuma man takalmi! Man takalmi a kan fatar doki! Sai wanda bai san komai ba sam game da fata zai aikata haka."

Mai Tasha ya tura gwangwanin bayansa a hankali.

Likita ya miƙe zaune ya dubi Baba. "Maigida, ka san abin da ke damuna da rigunanku, kai da sauran masu yi? Rauni ne zalla, ba magani. Kowa ya iya yaga riga. In tsoho ya buɗe mini baki, ba ramuka kaɗai nake gani ba, ina ganin cikon da wani ya yi masa tun da, wanda bai iya ba, amma ya yi. Wannan rigar wani ya ji tausayinta." Ya shafa shuɗin zaren. "Matarsa ce."

Mama ta ce, "Matar wa, Likita?"

"Matar matuƙin. Bayan yaƙi ne. Gona gare su, ba halin sayen sabuwa. Sanyi ya shigo, zai fita da sassafe, ta ɗauko zaren da ke gidan. Ba ta iya ba, ta sani, shi ma ya sani, bai ce komai ba." Ya gyara tabarau.

Mai Tasha ya matso gaba da gwiwoyinsa, ya kai goshi tabarma.

"Ni ne. Ni na yi ɗinkin. A gafarce ni. Da safen nan na kawo ta tana sheƙi, ban san man zai tsattsage da wuri haka ba, ban san zaren zai koɗe kafin rana ta yi tsaka ba. Na kunyata gidan nan a gaban baƙo. A ba ni ita in sake."

Ya kama hannun rigar na hagu. Likita ya damƙe na dama.

"Wane ne wannan?"

"Maƙwabcinmu ne," in ji Mama. "Shi ya kawo mana kabewa."

Kowa ya dubi Mitsuyo. Tana iya cewa dattijon ya ruɗe ne, da Likita ya yarda. Ta ce, "Gaskiya ya faɗa, Likita. Aronta aka ba shi bisa kuskure, ya gyara. Ni kuma na tsufar da gyaran yau da safe."

Likita ya rufe ido. "Ban ji ba."

"Cewa na yi, shi ne ya..."

"Malama Mitsuyo. Na san rigar nan ba ta taɓa hawa jirgi ba. Na san ƙaninki ne matuƙin, na ga kujerar da tsintsiyar ta taga. Ba wannan labarin na taso daga Kobe in saya ba." Ya juya wurin Mai Tasha. "Dattijo, sakar mini hannun riga. Matar matuƙin ce ta yi ɗinkin nan."

Mai Tasha ya ce, "Ni ban taɓa zama matar kowa ba."

"Ba wanda ya tambaye ka."

Mama ta sa baki, ta ce shayi zai huce. Mai Tasha ya saki, don ba ya jayayya a gidan mutane. Likita ya cire kwat ɗinsa, ya zura rigar, ya ja zoben mabuɗin har wuya, ya je gaban madubi. Ya juya gefe. Ya ɗaga haɓa. Ya daɗe a haka.

"A naɗe," ya ce.

Da motarsa ta tafi, Mai Tasha ya yi sallama a gajarce, bai taɓa shayinsa ba. Baba ya ciro mabuɗin shago daga wuyansa ya ajiye gaban Mitsuyo, ya saɓa fatsarsa ya fita. Da yamma ya dawo ba kifi.

Kafin wata ya ƙare, 'yan ƙungiya suka cika mu da waya. Kowa riga yake so, kuma kowa da ɗinkin matar matuƙi. Wani ma ya tambaya ko za a iya sa ta ɗan fi ta Likita rashin iyawa.

Mitsuyo ta sayi kwalin kayan zaƙi mafi girma, ta ja ni muka haye gada. Mai Tasha ya karɓe mu da ladabi. Ashe maganar Likita ta zauna masa a rai. Tun washegarin ranar ya shiga ajin koyon ɗinki a zauren unguwa, shi kaɗai namiji cikin tsofaffin mata, bai taɓa fashi ba, bai taɓa makara ba. Ya ɗauko ƙyallen gwajinsa ya shimfiɗa mana da hannu biyu. Ɗinki siriri, miƙaƙƙe kamar layin dogo, tazara daidai da tazara.

Mitsuyo ta yaba. Sannan ta yi masa bayanin sana'armu tun daga farko, ta roƙe shi ko zai yi mana irin na da.

"Irin na da?"

"Eh. Mai tsukewa nan, ya saki can."

"Da gangan? In iya abu, in yi shi ba daidai ba da gangan?" Ya dube ta kamar ta ce ya tsayar da jirgi a daji don nishaɗi. "'Yata, ki yi haƙuri. Amma in kuna da abin da ya yage, ku kawo. Yanzu ba wanda zai gane an taɓa."

Muka koma gida. Mitsuyo ta gwada da kanta, da hannun hagu, ɗinkin ya fito kamar na gwani mai wasa. Na Mama ya fi na keken ɗinki kyau. Baba ya ce shi ya yi ritaya. Mitsuyo ta zauna tana juya allurar a yatsu, sai ta ɗago ta dube ni ina zuba shayi.

"Farfesa, duk zaman da ka yi a can, ka taɓa maƙala ko maɓalli?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"In riga ta yage sai in sayi wata."

Ta ture kujera da ƙafa, ta miƙo mini allura da shuɗin zare.

"Zauna. Kuma in na ji ka bi ta kusa da zauren unguwa, na kore ka."